Yaji

Yaji garin barkono ne da ake dakawa tare da kayan ƙamshi, a barbaɗa a kan tsire, balangu, ɗanwake ko shinkafa da wake. Ana cin sa a duk ƙasar Hausa da maƙwabtanta.

Barkonon kansa baƙo ne. Daga nahiyar Amurka ya fito, fataken Fotugal suka kawo shi gaɓar Afirka bayan shekarar 1492. Kimba kuwa 'yar gida ce tun fil azal.

Gwanintar mai daka tana ga awo. Sai barkono ya bushe ƙayau, a cire masa hanci, a daka shi da citta, kanumfari, masoro, kimba da gishiri, sannan a tankaɗe. Kanumfari in ya yi yawa yakan danne sauran, kimba kuma ta kawo ɗaci. Masu tsire suna ƙara garin ƙuli-ƙuli don yajin ya kama nama, zafin kuma ya ragu. Yajin jego, na mai haihuwa, ya fi yawan kayan ƙamshi, wasu har daddawa suke sa masa. Laima ce ke lalata yaji, shi ya sa ake adana shi a kwalba mai murfi.