Gatari

Gatari tsohuwar kalmar Hausa ce, ba ta ɗauke da alamar aro irin ta almakashi, wadda “al” ɗinta ke tona asirin cewa daga Larabci ta fito. Jam'inta gatura. A masarautar Gumel ma har gari ta haifa: Maigatari, a bakin iyakar Nijar, inda kasuwar dabbobi ke ci ranar Alhamis.

Maƙeri a Sule Tankarkar bai ɗauki gatari abu guda ba. Akwai ruwa, wato ƙarfen, akwai ƙota. Ruwan yakan fito daga tsohon sifirin mota, a zuga shi ya yi jawur, a daka a kan uwar maƙera, a tsoma bakin a ruwa ya yi tauri. Nan gwaninta take: in ya sha da yawa ya ɓantare a jikin marke, in bai sha ba ya lanƙwashe. Sai a ƙona wutsiyar ƙarfen, a huda kan ƙotar da ita.

Wanda bakinsa ke kwance, na sassaƙa turmi, gizago ne. Gatarin aradu kuwa dutse ne da mutanen zamanin da suka wasa, manomi ya tsinta a gona ya ce tsawa ce ta jefo.