Tarihin Layin Dogo na Kano zuwa Nguru da Abin da ya Rage Daga Gare Shi a Ƙasar Haɗeja

Gabatarwa

Layin dogon da ya tashi daga Kano zuwa Nguru yana da tsawon kimanin kilomita 230, kuma mafi yawansa a cikin Jihar Jigawa yake. Ya ratsa ƙananan hukumomin Ringim, Taura, Gagarawa, Kaugama, Malam Madori da Birniwa, kafin ya shiga Jihar Yobe inda ya tsaya a Nguru. A da shi ne babbar hanyar da amfanin gonar ƙasar Haɗeja ke bi zuwa kasuwannin duniya. Yau kuwa yara da dama a garuruwan da ke bakinsa sun taso ba su san jirgin ƙasa ba sai a bakin iyayensu. Mun kawo wannan bayani domin jama'armu da shugabanninsu su san asalin layin, da dalilan durƙushewarsa, da kuma nauyin da ya rataya a wuyanmu game da abin da ya rage.

Yadda dogo ya iso Arewa

Turawan mulkin mallaka sun soma shimfiɗa layin dogo daga Legas a 1896, ya kai Ibadan a 1901. A Arewa kuma an fara aikin layin Baro zuwa Kano a 1907, dogo ya iso Kano a 1911. A 1912 aka haɗe layukan Kudu da na Arewa a ƙarƙashin hukuma guda. Zuwan jirgi Kano ne ya buɗe cinikin gyaɗa, domin kafin nan babu hanyar kai kaya masu nauyi bakin teku da sauƙin kuɗi.

Da ciniki ya bunƙasa, sai gwamnatin lokacin ta ga dacewar miƙa rassa zuwa yankunan da ake noman gyaɗa da auduga. A ƙarshen shekarun 1920 aka gina rassa biyu: na Zariya zuwa Gusau da Ƙaura Namoda, wanda aka gama a 1929, da na Kano zuwa Nguru, wanda aka gama a 1930, zamanin Sarkin Haɗeja Usman. Kamar sauran layukan Arewa, da ƙarfin talakawa aka yi shi, da diga da shebur da kwando, kuma ta hannun hukumomin En'e ake samo leburori daga ƙauyuka. Wannan ne ya sa dattawa ke kiran aikin da sunan aikin diga.

Hanyar da layin ya bi

Duk wanda ya dubi taswira zai ga layin bai ƙetare Kogin Haɗeja ba. Ya bi ta arewacin kogin, a kan tudu da jigawa, ya bar fadamu da ke cika da ruwa kowace damina a kudu da shi. Bai shiga cikin garin Haɗeja ba. Ya wuce ta Malam Madori, wadda ta zama tashar masarautar. Haka nan Gagarawa ta zama ƙofar ƙasar Gumel.

Wannan tsari ya sauya taswirar kasuwanci ta yankin. Garuruwan da suka samu tasha sun cika da kantuna da sito-sito da baƙi daga sassa daban-daban na ƙasar nan, ciki har da ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwa daga Kudu. Malam Madori ta zama ɗaya daga cikin wuraren da ake tara dalar gyaɗa a wajen birnin Kano. Babbar dala guda takan ɗauki buhu har 15,000, ana jera ta a kusa da dogo domin sauƙin lodi.

Kayan da jirgi ke ɗauka

Gyaɗa ce kan gaba, amma ba ita kaɗai ba ce. Taragu sukan sauka Kudu da fatu da ƙiraga, da ƙaro, da kanwa, da shanu, da busasshen nama daga Nguru, da kuma bandar kifi daga fadamun Haɗeja da Nguru. Fatake daga ƙasar Nijar su ma sukan kawo hajarsu Nguru da yake nan ne ƙarshen dogo. A dawowa kuma jirgi yakan zo da goro, gishiri, kananzir, atamfa da kwanon rufi. Manomin da ke nesa da tasha yakan ɗoro buhunansa a kan jaki ko raƙumi ko takarkari, a auna a sikeli, a biya shi, ya samu abin biyan haraji da na hidimar gida.

Sai dai layin bai buɗe a sa'a ba, domin ya zo daidai da karyewar tattalin arzikin duniya da ta fara a 1929, lokacin da farashin gyaɗa ya faɗi ƙasa warwas. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne ciniki ya kai ƙololuwa. A 1949 aka kafa hukumar sayen gyaɗa, a 1955 kuma aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, wadda layin ke hannunta har yanzu. A waɗannan shekaru gyaɗa takan fi ƙarfin taragun da ke akwai, shi ya sa dala kan daɗe a tsaye tana jiran jirgi.

Dalilan durƙushewa

Ba abu guda ne ya kwantar da layin ba. Rikicin 1966 da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 sun raba hukumar jiragen ƙasa da ƙwararrun ma'aikata masu yawa. Daga nan sai farin 1972 zuwa 1974 ya biyo baya, sannan cutar kuturtar gyaɗa ta 1975 ta lalata amfanin gona a faɗin Arewa. Da gyaɗa ta daina fita waje, sai layin ya rasa babban kayan da aka gina shi dominsa.

A daidai wannan lokaci kuɗin man fetur ya karkata hankalin gwamnati ga gina titunan kwalta. Babbar mota tana zuwa har bakin kasuwar ƙauye, ba ta jiran ranar jirgi, don haka 'yan kasuwa suka koma gare ta. A 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, abin da ya kawo ƙarshen tara kaya a tashoshi. An yi yunƙurin gyara harkar jiragen ƙasa, misali lokacin da aka kawo ƙwararru daga Indiya a 1979, da kwangilar da aka ba wani kamfanin ƙasar Sin a 1995. An kuma riƙa ganin jirgi a layin Nguru jefi-jefi, amma zirga-zirga ba ta koma yadda take a da ba.

Abin da ya rage

Abu na farko da ya rage shi ne dogon kansa, wanda faɗin tsakaninsa milimita 1,067 ne, wato ƙaramin layi irin na zamanin Turawa. A wasu wurare rairayi da ciyawa sun binne shi, a wasu kuma ɓarayin ƙarfe sun yi masa giɓi. Na biyu, gine-ginen tashoshi da gidajen ma'aikata da sito-sito, waɗanda da yawansu rufinsu ya lalace. Na uku, tudun ƙasar da aka ɗora dogon a kai, tare da kwalbatoci da ƙananan gadoji. Na huɗu, filin da ke gefe da gefen layin, wanda mallakar Hukumar Jiragen Ƙasa ne.

A ganinmu na uku da na huɗu su ne suka fi daraja, ko da yake su ne ido ya fi rainawa. Ƙarfe ana iya sayo sabo, amma hanyar da ta miƙe kilomita 230 ba tare da gida ko shago a kanta ba, idan aka bari ta cike da gine-gine, samun irinta zai ci diyya mai yawa da shari'a mai tsawo. Haka kuma kwalbatocin suna da aiki ko babu jirgi. Tudun layin yana tare ruwan sama, kuma ta waɗannan kafofi ne kaɗai ruwan ke wucewa. Idan suka toshe da yashi ko shara, ruwa yakan taru ya koma gonaki da gidaje. Al'ummar da ta ga ambaliyar 2020 da ta 2022 ba ta bukatar dogon bayani a kan wannan.

Halin da ake ciki game da doka

A watan Maris na 2023 aka sanya hannu a kan gyaran kundin tsarin mulki wanda ya ba jihohi damar shiga harkar jiragen ƙasa, bayan a da ta Gwamnatin Tarayya ce kaɗai. Tun a 2021 kuma aka aza harsashin sabon layin Kano zuwa Maraɗi, mai reshe zuwa Dutse. Wannan sabon layi faɗinsa milimita 1,435 ne, saboda haka jiragensa ba za su iya hawa tsohon dogon Nguru ba sai an sake shimfiɗa shi. Duk ranar da aka tashi yin haka, tsohuwar hanyar ce za a fara nema.

Kira ga jama'a da shugabanni

Muna kira ga hakimai, dagatai da masu unguwanni da kada su sanya hannu a kan cinikin fili ko rabon fuloti a cikin filin jirgi, domin ba na gari ba ne balle a sayar. Sassan ayyuka na ƙananan hukumomi su riƙa duba kwalbatocin da ke yankunansu kafin faɗuwar damina, su sanar da Hukumar Jiragen Ƙasa duk inda suka ga toshewa ko zaizaya. Cire dogo ko kusoshinsa laifi ne, haka ma sayensu. Wanda ya ga ana yi ya kai rahoto ga 'yan sanda ko jami'an Sibil Difens mafi kusa. Manoman da ke maƙwabtaka da layin su guji nome gindin tudun ko ɗibar ƙasarsa don yin bulo.

Daga ƙarshe, muna roƙon malaman makarantu da ɗalibai su ziyarci tsofaffin ma'aikatan jirgi da 'yan dakon da suka yi aiki a dalar gyaɗa, su rubuta abin da suka sani tun suna raye. Allah ya jiƙan magabatanmu da suka yi aikin diga, ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bari.