Tsere Sai da Mai: Daga Paris-Dakar zuwa Kwalbar Ruwa-ruwa

Ƴan uwana ɗalibai, da aka ce kowa ya kawo rubutu kan tarihi, na san wasu za su ɗauko sarakunan Kurfai, wasu kuma zuwan Faransawa Filinge. Ni tseren injina na ɗauko. Kar ku yi dariya tukuna, don wanda ya bi sawun tsere zai tarar sawun mai yake bi, shi kuwa mai a ƙasarmu ba abin wasa ba ne.

Mu fara daga nesa. A Amurka akwai wani tsere da motoci biyu kan jera a miƙaƙƙiyar hanya, su fizga lokaci guda, cikin daƙiƙa huɗu an gama. Manyan motocin wannan tsere ba esansi irin namu suke sha ba, wani sinadari ne mai suna nitrometan, kuma a gudu ɗaya mota kan ƙone fiye da lita 40. A 2008 sinadarin ya yi ƙaranci har hankalin masu motocin ya tashi, saboda kaso mai yawa daga China ake kawo shi. Kafin nan, a ƙarshen 1973, ƙasashen Larabawa sun ƙuntata sayar da mai bayan yaƙin watan Oktoba. A 1974 aka soke tseren Monte Carlo, Amurkawa kuma suka yanke tseren Daytona daga mil 500 zuwa 450. Masu kuɗi ke nan fa, amma da tanki ya bushe su ma sai da suka rage gudu.

Mu namu rabon tseren ya iso da Paris-Dakar. Wani Bafaranshe, Thierry Sabine, ya shirya shi. Ranar 26 ga Disamba 1978 motoci da babura 182 suka tashi daga Paris, suka ratsa Aljeriya, suka shigo Nijar ta Arlit da Agadas, suka biyo hanyar Tawa zuwa Talcho, nan arewa da Filinge, suka gangara Yamai. Guda 74 kaɗai suka isa Dakar ranar 14 ga Janairu 1979. Wato ƙurar wannan tsere ta taɓa sauka a kan gonakinmu.

Abin da ya fi tsaya mani a rai shi ne yadda ba su taɓa zaman jiran mai irin namu ba. Da tseren ya girma, manyan motoci da jiragen sama ke riga su isa zango da gangunan mai, a ajiye a tsakiyar Tenere inda ko rijiya babu. Bafaranshe zai cika tanki a wurin da Buzu ke auna ruwan salka da kwanaki. A daidai shekarun nan Nijar ba ta haƙo ko ɗigo ɗaya ba. SONIDEP, wadda aka kafa a 1977, daga waje take sayo komai. Kuma a fari na 1984, lokacin da shanun Dallol Boso ke faɗuwa, tseren bai fasa wucewa ta Sahel ba. Wasu na cewa ya kawo wa Agadas ƴan yawon buɗe ido da kasuwa, kuma gaskiya ne. Sai dai ni ban ga abin da ya bar wa mutumin Damana ba in ban da labari.

Ba rashin mai ya kore shi ba, tsoro ne. A Janairun 2000 tseren ya tsaya cik a Yamai saboda barazanar hari, aka kwashe motoci a manyan jiragen Antonov zuwa Libiya. A 2008 aka soke shi gaba ɗaya, daga nan ya koma Kudancin Amurka, tun 2020 kuma yana Saudiyya.

To, da manyan suka tafi, wa ya rage? Mu. Baburan China masu araha sun cika ƙauyuka, samari suka samu kabu-kabu, ranar ɗaurin aure ko Sallah a jera a fili a murza. Babu kofi, babu alƙali, sai ihun ƴan kallo da faɗan tsofaffi, waɗanda har gobe suke ganin sukuwar doki ita ce tseren mutunci. Wannan duka a kan kwalba ɗaya ya tsaya: man ƴan ruwa-ruwa. A lokacin gwamnatin Nijeriya na biyan tallafi, litarsu ta fi tamu araha nesa ba kusa ba, sai man ya tsallako iyaka a jarkoki, ya bi kasuwa-kasuwa har ya iso teburin bakin hanya a Baleyara da Filinge. A taƙaice, a wancan lokacin da kuɗin baitulmalin Abuja muke gudu, ko mun sani ko ba mu sani ba.

Ranar 28 ga Nuwamba 2011 aka buɗe matatar SORAZ kusa da Damagaram, mai tace ganga 20,000 a rana daga ɗanyen man Agadem. Kamfanin CNPC na China ke da kashi 60, Nijar 40. Muka ce shi ke nan, mun zama masu mai. Amma kwalba ba ta bar bakin hanya ba, don har lokacin ta fi famfo sauƙi.

Daga nan bugu ya zo a jere. A Agustan 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta. A Janairun 2020 aka hana hawa babur a yankin Tillaberi saboda ƴan bindiga da ke kai hari a kansa; wannan kam ko kana da mai, babur ɗinka sai dai ya kwana a zaure. Sai 29 ga Mayu 2023, ranar da Bola Tinubu ya sha rantsuwa ya ce tallafi ya ƙare. Farashi a Nijeriya ya ninka kusan uku cikin ƴan kwanaki, ruwa-ruwa ya fara ƙafewa. A Yulin 2024 hukumominmu suka sauke lita daga 540 zuwa 499, dala ɗari ba tamma guda. Kowa ya yi murna, kowa ya koma famfo, har lissafi ya juye, namu ya zama mai arahar. Matata ɗaya ba ta iya ɗaukar wannan kaya ba. A Maris 2025 aka ga dogayen layuka a gidajen mai na Yamai, mutane na tura babura da hannu. In babban birni ya yi layi, kun san halin garin da ke kusan kilomita 180 daga can, a kan hanyar da tankoki ba sa son bi.

Tseren samari shi ya fara mutuwa, kuma ba wanda ya yi masa makoki, don lita ɗaya da za a ƙone don burge ƴan mata ita ce za ta kai mai naƙuda asibiti, ko ta tada injin ban-ruwa a garka. Abokaina da suka fi kowa iya murza babur, wasu sun tafi bida Kwatano da Abijan, wasu sun koma amalanken jaki suna ɗaukar kaya ranar kasuwa. Ɗaya daga cikinsu ya sayar da babur ɗin ya sayi ɗan maraƙi. Ya ce mani ko ba komai, shi wannan harawa yake ci, kuma harawar a gonarsu take fitowa.