Sassabin zamani: yadda Maraɗi ta dawo da itatuwanta, da abin da ya shafe mu a Ƙaraye da Rogo

1/ Jama'a, duk damina sai mun ga hotunan gangamin dashen itace: riga iri ɗaya, shebur, murmushi. Zuwa Disamba akuya ta gama da dashen. Ku zo in ba ku tarihin wasu Hausawa 'yan uwanmu da suka dawo da itatuwa kusan miliyan 200, kuma yawancinsu ba dasawa aka yi ba. Zaren da ɗan tsawo, a yi haƙuri 🧵

2/ Mu fara daga Nijar. A 1935 Faransawa suka kafa dokar daji a ƙasashen da suke mulka a Afirka ta Yamma. Bayan 'yancin kai, dokar Nijar ta 1974 ta bi sawunta. Muhimman itatuwa irin su gawo suka koma ƙarƙashin hukuma, ko da a tsakiyar gonarka suka fito. Ka sare reshe babu takarda, malamin daji ya ci ka tara.

3/ To kai ne manomin, me za ka yi? Itacen da ba naka ba, wanda ba zai jawo maka komai ba sai tara? Da ya tsiro sai a tumɓuke shi tun yana ƙarami, kowa ya huta. Ga kuma malaman gona suna koyar da cewa gonar ƙwarai ita ce wadda aka share fes. Dokar da aka yi don kare itace ita ta taimaka wajen ƙarar da shi.

4/ Sai farin shekarun 1970 ya zo ya ƙarasa. Iska ta riƙa binne shuka da rairayi, mutum ya yi shuka sau biyu, sau uku a damina ɗaya. Mata suna tafiya mai nisa neman itacen girki, wasu suka koma ƙona kara da kashin shanu, wato takin da ya kamata ya koma gona.

5/ Ƙungiyoyi suka zuba kuɗi a gidajen renon itace, aka yi ta dasa irin na waje kamar turare. Yawanci suka mutu. Cikin masu wannan wahala har da Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya da ke aiki da mishan ɗin SIM a Maraɗi. A 1983 ya tsaya a hanya zai rage iskar tayar motarsa saboda rairayi, sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro da kowa ke ɗauka ciyawar banza ce.

6/ Da ya duba ganyen, ashe itace ne. Kututturen da aka sare tun da daɗewa ne, saiwarsa na nan da rai a ƙasa, kowace shekara yana tohowa, kowace shekara ana sassabe shi. Gonakin cike suke da irinsa. Dajin bai mutu ba, yana ƙarƙashin ƙasa.

7/ Dabarar ba ta da wuya. Maimakon ka sassabe tohon gaba ɗaya, ka zaɓi rassa kaɗan mafiya ƙarfi ka bari, ka cire sauran, ka rage musu ƙananan rassan ƙasa. Tunda tsohuwar saiwa ce ke ciyar da su, girmansu ya fi na dashe sauri nesa ba kusa ba. Ba ban ruwa, ba leda, ba sisin kwabo. Mutanen Maraɗi suka sa mata suna sassabin zamani.

8/ A nan masu ba da labari suke son tsayawa: Bature ya zo, ya gano, an tsira. Ni ban yarda da wannan sigar ba. Barin itace a gona ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Har yau ana ba da labarin tsananin hukuncin da Sarkin Damagaram Tanimu ya sa wa mai sare gawo a ƙarni na 19. Kuma ku ji abin da ya biyo baya.

9/ A 1984 aka yi yunwar da mutanen Nijar ke kira El-Buhari, don ta zo daidai lokacin da gwamnatin Buhari ta soja ta rufe iyaka. Aka haɗa tallafin abinci da sharaɗin barin itace a gona a ƙauyuka kusan 100. Aka bar itatuwa wajen 500,000. Da rabon abinci ya ƙare, sai aka sare kusan kashi biyu cikin uku. 😅

10/ Kun ga kenan ba buhun hatsi ne ya dawo da dajin ba. Waɗanda ba su sare nasu ba ne suka ga bambanci: iska ta rage cin shuka, ga itacen girki a kusa, ga abincin dabbobi. Shi gawo ma halinsa daban ne, da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa gero inuwa, ganyen ya zama taki, da rani kuma 'ya'yansa su ciyar da tumaki. Maƙwabci ya gani, ya kwaikwaya.

11/ Amma babbar matsalar ita ce ɓarawo. Ka reni itace shekara uku, wani ya zo da dare da gatari. Abin da ƙauyuka irin su Ɗan Saga a yankin Aguie suka yi shi ne ya fi burge ni a duk labarin. Suka kafa kwamitin sa ido na 'yan sa kai daga cikinsu, suka zauna suka yi dokokinsu, suna zagaya gonaki, wanda aka kama ya biya tara.

12/ Kuma ba dattawa maza kaɗai suka cika kwamitin ba. An sa mata, don su ne masu neman itacen girki. An sa Fulani makiyaya, don su ne masu sassako reshe wa dabbobi da rani. Wanda aka yi doka yana zaune a wurin, da wuya ya zama shi ne mai karya ta. Daga baya har kasuwar itace suka samu daga rassan da ake ragewa.

13/ Hukuma a baya ta biyo. Bayan rasuwar Seyni Kountché a 1987 da rikicin siyasar farkon shekarun 1990, ƙarfin malaman daji ya ragu, manoma suka fara ɗaukar itacen gonarsu a matsayin nasu. A 1992 aka ba ƙauyuka damar gudanar da kasuwannin itace da samun kaso a harajin, kamar a dajin Baban Rafi da ke Madarunfa. Dokar daji ta 2004 ta ƙara ƙarfafa haƙƙin manomi.

14/ Da masana irin su Chris Reij da Gray Tappan suka gwada tsofaffin hotunan sama da sababbi a shekarun 2000, suka ƙiyasta fili kusan hekta miliyan 5 ya farfaɗo, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. Ba aljanna ba ce fa. Baban Rafin nan yau matsalar 'yan bindiga ta addabe shi, kwamiti ba ya maganin bindiga.

15/ Yanzu mu dawo gida. A 1990 Michael Mortimore da abokan aikinsa suka fitar da bincike kan itacen girki a Kano. Ana zaton gonakin da ke kewaye da birni za su zama fako saboda yawan jama'a. Sai aka tarar manoma suna riƙe da itatuwansu, ɗorawa, kuka, tsamiya, kanya. Itacen da birni ke ƙonawa daga dazuzzuka masu nisa ake kwaso shi.

16/ Wato mai mallaki ya tsira, dajin kowa da kowa shi ya sha gatari. A zamanin En'e akwai gandun daji da malamin daji da dagaci mai ba da amsa in an yi ɓarna. Tsarin yana da zalunci a cikinsa, kada mu yi masa kwalliya, amma an san wa za a tambaya. Bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976, wannan igiya ta yi sako-sako.

17/ Mu a yammacin Kano ruwan samanmu ya fi na Maraɗi, don haka kututturenmu ya fi nasu saurin tohowa. Amma duba buhunan gawayi a bakin titi tun da gas da kananzir suka yi tsada. Dajin Ɗansoshiya na maƙwabciyarmu Ƙiru, inda gwamnatin Ganduje ta kafa ruga, ya isa misali: manomi, makiyayi da mai gawayi duk idonsu na kan wuri ɗaya.

18/ Ga kuma dam ɗin Challawa a Ƙaraye, wanda aka kammala a 1992. Duk ƙasar da ruwa ya wanke daga gangaren da aka aske, cikinsa take taruwa. Kogin nan har birnin Kano na sha daga gare shi.

19/ Tun 2024 masarautar Ƙaraye ƙananan hukumomi biyu ce kacal, Ƙaraye da Rogo. Kowa da ra'ayinsa kan siyasar masarautu, ba ita na zo yi ba. Amma ƙasa ce da hakimai, dagatai da masu unguwanni za su iya zama da ardo da ƙungiyoyin matasa su yi irin yarjejeniyar Ɗan Saga. Gayya ba sabon abu ba ce a wurinmu. Ta sassabe kafin damina ce ba mu gwada ba.

20/ Inda na san za a yi cacar baki shi ne gonar aro, haya da jingina, waɗanda suke da yawa a wajenmu. In na karɓi hayar gonarka shekara biyu na reni ɗorawa goma, na wane ne? In ka ce naka ne, ba zan wahala ba. In ka ce nawa ne, ba za ka ƙara ba ni gonar ba, don kana tsoron gobe in ce ina da haƙƙi a ciki. 'Yan Rogo da Ƙaraye, ya ake yanke wannan a garinku?