Ƙwaron Wake da Ɗalibin da Ba na Kimiyya Ba: Wane Darasin Gwaji Ya Dace?

Tun bayan rahoton Vision and Change na 2011 kan koyar da ilimin halittu a Amurka, malaman fannin da dama sun yarda cewa haddar rukunonin dabbobi da feɗe kwaɗo bisa rubutaccen umarni ba sa koyar da tunanin kimiyya. Inda aka rabu shi ne kan ɗalibin shari'a ko adabi, wanda mai yiwuwa zango ɗaya kacal zai yi a ɗakin gwaje-gwaje.

Kirschner, Sweller da Clark (2006) sun kafa hujjar cewa ƙwaƙwalwar sabon shiga ba ta riƙe abubuwa da yawa a lokaci guda, don haka in aka sake shi ya yi bincike ba jagora, ruɗewa zai yi. Da wannan wasu abokan aikinmu ke kare tsohon tsari. A ganina hujjar ba ta kai su nan ba. Abin da ta rusa shi ne sakin ɗalibi sakaka, ba binciken da malami ke riƙe da linzaminsa ba, kamar yadda Hmelo-Silver da abokan aikinta suka amsa a 2007.

Mu ɗauki ƙwaron wake, wanda Blumer da Beck suka gina darussan gwaji a kansa a Amurka. Macen na manna ƙwai a jikin ƙwayar wake, tsutsar ta huda ta shige, kuma cikin kimanin wata guda sabon ƙwaro ya fito. Malami ya ba da tambayar: a wane irin wake ta fi son yin ƙwai? Ɗalibai su tsara kwatancen, su ƙirga, su kare sakamakonsu. Daga nan a tambaye su dalilin da buhun ajiyar wake na PICS ke kashe ƙwaron ta hanyar toshe iska.

Dole a taƙaita da'awar. Nazarin Freeman da abokansa (2014), da ya tattara bincike 225 kan koyarwar da ke sa ɗalibi yin aiki da kansa, ya shafi darussan aji ne na fannonin kimiyya, don haka bai isa hujja kai tsaye a nan ba. Abin da za a iya cewa shi ne, wannan gwaji ba shi da tsada, kuma ya fi feɗe kwaɗo tilasta wa ɗalibi auna shaida.

Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake. Don haka ya kamata sassan ilimin dabbobi na jami'o'inmu su jarraba wannan tsari, su auna sakamakonsa, su wallafa.