Yadda Roy Campanella ya zama mai ba da umarni a filin besbol

A wasan besbol na Amurka, mai cafke ƙwallo shi ne wanda ke tsugune a bayan mai bugu, fuskarsa cikin ragar ƙarfe, ƙirji da ƙwauri duk a ɗaure da kariya. A al'ada, da yatsunsa, a ɓoye tsakanin cinyoyi, yake nuna wa mai jifa irin jifar da zai yi, mai gudu ko mai lanƙwasa. Shi kaɗai ke fuskantar filin gaba ɗaya. Wannan ne ya sa nake ganin shigar mai cafke ƙwallo Roy Campanella babbar gasa a 1948 ta ɗauki nauyi na daban. Jackie Robinson ya buɗe wa baƙaƙen fata ƙofa a 1947, amma Campanella baƙar fata ne da aka ce fararen masu jifa su bi umarninsa.

An haife shi a Filadelfiya a 1921, mahaifinsa ɗan asalin Italiya, mahaifiyarsa baƙar fata, kuma a dokar wariyar lokacin jinin uwar ya isa a rufe masa hanya. Yana ɗan shekara 15 ya shiga ƙungiyar Elite Giants ta gasar baƙaƙen fata, inda Biz Mackey ya koya masa sana'ar. Brooklyn Dodgers suka ɗauke shi a 1946, suka tura shi ƙaramar ƙungiyarsu ta Nashua. Wata rana da aka kori kocinsu Walter Alston daga fili, sai ya bar wa Campanella ragamar 'yan wasan. Daga baya ya lashe kyautar gwarzon gasar sau uku, a 1951 da 1953 da 1955, shekarar da Dodgers suka doke Yankees suka ɗauki kofin ƙarshe.

Masu ƙididdiga za su ce kaka goma kacal ya buga a babbar gasa, don haka ba ya kama ƙafar masu cafka irin su Yogi Berra ko Johnny Bench. Hujjar tana da rauni. Yana ɗan shekara 26 aka ba shi dama, bayan wariya ta cinye masa kusan shekara tara na ƙuruciya, lokacin da gwiwar mai cafka take da ƙarfinta. A Janairun 1958 kuma motarsa ta zame a kan ƙanƙara, ya karye a wuya, bai ƙara tafiya da ƙafarsa ba. Abin da ya yi a tsakanin waɗannan biyun ya isa a auna shi, shi ya sa aka shigar da sunansa zauren gwarazan besbol a 1969.