Daga Ubangida Zuwa Takardar Shaida: Tarihin Shiga Aiki a Kazaure da Kewayenta



Tambayar da ke damun ɗalibin da ya karanta ilmin ciniki ko lissafin kuɗi ita ce, wa zai karɓe shi ran da ya fita makaranta? Tambayar tana da tarihi, kuma ƙasar Kazaure da maƙwabtanta sun ga amsarta iri uku.

Amsa ta fari ita ce ubangida. A zamanin fatauci, yaro daga Roni ko Gwiwa ko Babura yakan shiga hannun wani attajiri, ya bi ayari, ya koyi awo da ƙidaya da sanin wanda ya cancanci bashi. In ya kai munzali, ubangidansa yakan ba shi abu uku: ilmin sana'a, da jari, da kuma shaida, watau ya tsaya masa a gaban sauran 'yan kasuwa cewa mai amana ne. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka shiga cinikin gyaɗa, wannan tsari bai mutu ba. Alhassan Ɗantata, wanda ya yi fataucin goro a Gwanja, ta hannun yaransa yake sayen gyaɗa a ƙauyuka har ya rasu a 1955. A wannan tsari ba a san wani giɓi tsakanin koyo da aiki ba, domin inda aka koya nan ake yi.

Amsa ta biyu ita ce hukuma. Baitulmalin En'e da ofisoshin lardi suna bukatar akawu da ma'aji, saboda haka bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka buɗe makarantar koyon aikin akawu a Zariya, wadda ta zama Cibiyar Koyon Aikin Mulki a 1954, sa'an nan ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Manufar Sardauna ta ɗora 'yan Arewa a kan ayyukan Jihar Arewa ta sa kujeru suka fi masu takarda yawa. Ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, da dokokin mai da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977, da kuɗin man fetur, duk sun ƙara buɗe ƙofofi a ma'aikatu da bankuna da masana'antun Bompai da Sharaɗa. Ɗan Kazaure mai takardar shaida a wancan lokaci ba ya daɗewa yana neman aiki, sau da yawa ma aikin ne ke nemansa.

Abin lura a nan shi ne, makaranta ta karɓi ɗaya kaɗai daga cikin abubuwa ukun da ubangida ke bayarwa, watau ilmi. Sauran biyun Gwamnati ce ta ɗauke: albashi ya maye gurbin jari, takardar kama aiki ta maye gurbin shaida. Ko a lokacin ma an lura cewa ilmin aji bai isa ba. Shi ya sa aka kafa Asusun Horar da Ma'aikata a 1971, wanda ya fito da shirin tura ɗalibai sanin makamar aiki, aka kuma soma bautar ƙasa a 1973.

Amsa ta uku ta zo da faɗuwar farashin man fetur. Gwamnatin Shagari ta kawo matakan tsuke bakin aljihu a 1982, aka yi ta rage ma'aikata a 1984, sa'an nan shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar Naira, masana'antun Kano da dama suka rufe. Gwamnati ta janye daga matsayin ubangida, alhali makarantu sai ƙaruwa suke. An ƙirƙiro Jihar Jigawa ran 27 ga Agusta 1991, a shekarar kuma aka kafa kwalejin kimiyya da fasaha a Kazaure, wadda daga baya aka sa wa sunan Sarki Hussaini Adamu, Gwamnatin Tarayya ta karɓe ta a 2007. Ilmi ya matso ƙofar gida, amma kujerun sakatariyar Dutse da na ƙananan hukumomi ba su isa kowa ba.

To, ina mafita? Tarihin nan ya nuna cewa ilmi bai taɓa shigar da mutum aiki shi kaɗai ba, sai da jari da shaida. Ɗalibi ya ɗauki watannin sanin makamar aiki, da shekarar da ake yi tsakanin ƙaramar difloma da babba, da shekarar bautar ƙasa, a matsayin zaman gidan ubangida, domin a nan ne ake samun wanda zai ce, “Na san shi, ba ya taɓa kuɗin mutane.” Kada kuma ya raina kasuwar garinsu. Dillalin hatsi ko na dabbobi a kan iyakar Babura da Jamhuriyar Nijar yana juya kuɗi masu yawa, galibi ba tare da littafin shiga da fita ba, ga shi kuwa abin da ɗalibin ya karanta ke nan.

Ku kuma ma'aikata, yau ku ne iyayen gidan. Ɗalibin da aka turo ofishinku, in aka bar shi da sayo abinci da ɗaukar fayil, zai koma da sa hannu a littafinsa amma ba da sana'a ba. Ku zaunar da shi kusa da littafin kuɗi, ku gyara masa kuskure, in ya yi amana ku shaide shi.

Allah ya sa mu dace.